Hannuwan Munsif

Binzart, 3 ga Disamba

Zuwa ga Yayata Shadliyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Si Fathi da yaran. Yaya gwiwar taki? Kin je wurin likita, ko har yanzu man zaitun kike shafawa kina cewa sai gobe? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, sai ruwan sama da ya sa mu gaba kwana biyar ke nan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Kin san gidanmu ɗaki biyu ne, kin kuma san mijina. Shekara ashirin da shida Munsif yana nutso, teku ya cinye masa rabin ji, sai na kira shi sau uku yake waiwayowa. Amma a haɗa kuɗi da sunan mijinki a magana ɗaya, ko yana bakin tashar jiragen ruwa sai ya ji. Shi ya sa nake rubuta miki a wurin aiki lokacin cin abinci. In kin ji takardar tana ƙarnin jatan lande, ki yi haƙuri, hannun da ke ɓare su ne ya riƙe biron.

Maganar hannunsa ce. Har yanzu yana gonar kifin nan da ke cikin teku, su shida ne masu nutso, aikinsu ɗinke ragar kejin kifi a ƙasan ruwa. Rigar nutson da ya saya a hannun wani Ba'italiye shekara uku da suka wuce tana nan garau, ruwa ba ya shigarta, yana fitowa jikinsa a bushe har da rigar sanyinsa a ciki. Amma rigar a wuyan hannu ta tsaya. Daga nan zuwa yatsu safar hannu ce da ruwa ke shiga yadda ya ga dama. Da can bai damu ba. Yanzu minti goma sha biyar a ƙasa, yatsunsa sun yi fari kamar kyandir, ba ya jin igiya balle ya ƙulla ta. Shekaran jiya na ga yana fama da maɓallin rigarsa ya juya mini baya, wai kada in gani. Na gani, Yaya, kuma na shiga kicin na yi kukana.

Si Rida, manajan gonar, ya ce ƙarshen Janairu zai rage mutum ɗaya. Bai kama suna ba, amma ba sai an kama ba. Sauran biyar ɗin babu wanda ya kai arba'in, Munsif kuwa hamsin da ɗaya. Mutumin da ya koya wa uku daga cikinsu yadda ake shaƙar iska a ƙasan ruwa, yau shi ne ke riga kowa fitowa. In aka sallame shi ba yunwa ce za ta kashe mu ba, ina da aikina. Zaman gida ne zai kashe shi.

Na ji masu nutso suna zancen wasu zobba da ake ɗaurawa a hannun rigar, safa ta manne da su, hannu ya zauna a bushe. A Tunis aka ce akwai, amma mai shagon ya ƙi faɗa mini kuɗin a waya, wai in turo maigidan. Don Allah in kin fita kasuwa ki biya shagon kayan nutso a can Marsiliya ki tambayo mini. Farashi kawai na ce, Yaya. Kada ki buɗe jaka, kada kuma Si Fathi ya ji.

Ki gaida yaran. Zan aiko miki da yajin harisa in na sami mai zuwa.

Ƙanwarki,
Dalanda


Binzart, 21 ga Disamba

Yaya Shadliyya,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan sanyin Marsiliya bai takura miki ba. Muna lafiya. Ban sani ba ko in fara da godiya ko da faɗa, to bari in haɗa miki duka.

Na gode da hotunan da kika turo. Yuro ɗari uku, Yaya. Na mayar da shi dinari sau biyu don ban yarda da kaina ba, ya kusa cinye albashin Munsif na wata guda. Zobban roba huɗu da safa biyu. Ni da nake ganin zoben da ya fi kowane tsada shi ne na aure.

Faɗan kuwa kin san dalilinsa. Na ce kada mijinki ya ji, ya ji. Bai tsaya nan ba, ya ɗauki waya ya kira Munsif da muryar nan tasa ta mai rabon zakka, wai kada ya damu, shi zai saya masa. Ina yanka albasa Munsif ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Dalanda, bara kika kai ni Marsiliya?" Na ce farashi na tambaya. Ya ce, "Mutumin da ya kira ni kwaɗo ranar ɗaurin aurenmu shi zai rufe mini hannu? Gara in tura baro ina sayar da miyar waken lablabi." Na ce maganar kwaɗo ta shekara ashirin da uku. Ya ce shi a wurinsa jiya aka yi ta. Kwana biyu yana cin abincina ba ya kallona. Taurin kai ne, na sani, amma ba zan ɓoye miki ba, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗin amsar.

Yanzu ga labarin. Ina zaune a wurin aiki ina ƙara girman hoton, sai na tsaya a kan safar. Shuɗiya, tafinta da kaushi, bakinta dogo. Na dubi hoton, na dubi hannuna. Ita ce, Yaya. Safar da nake sawa kullum ina wanke kwandunan kifi a ruwan ƙanƙara, wadda ake ba mu sabuwa duk wata, in ka saya a kasuwa kuɗinta bai wuce na kilo biyu na kifin sardin ba. Sun sa ta a akwati mai hoton kifi ne kawai. Ashe zobban ne duk tsadar.

Na tafi wurin Am Tijani, tsohon nan mai injin fiƙe ƙarfe a bayan kasuwar kifi, wanda yake gyara wa Baba injin kwalekwale. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "'Yata, wannan ai bututun ruwa ne da ya yi karatu a Turai." Ya jawo guntun bututun roba mai kauri daga ƙarƙashin benci. Ya yanka zobba huɗu, biyu su shige cikin biyu, ya tsaga musu layi a inji, muka sa robar famfon ruwa a tsakani. Ɗaya yana kama hannun riga, ɗaya yana kama bakin safa, in ka danna su haɗu ka ji ƙas. Sau huɗu ina komawa. Na farko ya yi sako-sako, na biyu ya tsage, na uku sai da muka sa guduma kafin ya rabu. Ni ce na ce a rage kaurin gefe, ya yi mini musu, daga baya ya rage. Ya ƙi karɓar komai sai kwanon kuskus da kifi ranar Juma'a.

Na warware tsohuwar rigar ulu na saƙa masa safar ciki. Ranar Lahadi na cika babban baho da ruwa, na zuba ƙanƙarar da na roƙo a wurin aiki, na ce ya sa rigarsa ya tsoma hannu. Ya yi ta gunaguni, wai an mai da shi abin wasa. Rabin awa yana durƙushe a tsakar gida. Da ya cire, ulun a bushe ƙayau, ko ɗigo babu. Ya juya hannunsa ya sake juyawa, ya ce, "To, ba laifi." Ke kin san Munsif, wannan a bakinsa kirari ne.

Shekara sha tara ina aikin da in ruwa ya sami ƙofa kamar ta allura a ledar kaya an yi asara, don haka in na toshe abu ya toshu. Bayan sabuwar shekara zai gwada a teku. Ki ce wa Si Fathi mun gode, ya riƙe kuɗinsa.

Taki,
Dalanda


Binzart, 8 ga Janairu

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Jikinmu lafiya. Zuciya ce dai ba daɗi, kuma laifina ne.

Ranar Talata ya tafi da zobban wurin aiki. Tun a jirgi abokan aikinsa suka sa shi gaba. Aiman, wanda Munsif ya koya wa aikin da hannunsa, shi ne ya fara: "Am Munsif, famfon wa ya lalace a ƙasan teku?" Wani ya ce in ya gama ya biya gidansu, banɗakinsu yana yoyo. Si Rida yana cikin jirgin ranar, ya zo duba aiki.

Mita biyar na farko, ya ce mini, bai taɓa jin daɗin hannunsa haka ba. Daga nan safar ta fara matse shi. Kafin ya kai mita goma sha takwas ta manne da fatarsa kamar an ɗaure kowane yatsa da waya. Ulun ya lanƙwashe ya zama takarda, sanyi ya shigo ya fi na da. Ya kasa lanƙwasa yatsa ko ɗaya. Allurar ɗinkin raga ta suɓuce masa yana kallo ta tafi ƙasa. Minti tara ya yi ya fito, a gaban manaja. Da aka cire masa safar, zanen saƙata ya fito raɗau a bayan hannunsa, jini ya kwanta a ƙarƙashin farce biyu. Babu wanda ya yi dariya a lokacin, kuma ya ce shirun ya fi masa ciwo. Si Rida ya dubi agogo, ya rubuta wani abu a littafinsa.

Ruwa bai shiga ba, Yaya, ko ɗigo. Abin da ya cuce mu ke nan. In mai nutso yana sauka, ruwa yana danne rigarsa, sai ya danna wani maɓalli a ƙirji ya ƙara mata iska. Amma robar wuyan hannun rigar ta kama fata gam, iskar ba ta da hanyar wucewa zuwa safa. Na toshe gaba, roba ta toshe baya, hannun ya zauna a tsakiya teku yana matsa shi. A baho ba za ka taɓa ganin wannan ba, zurfinsa kamu biyu ne. Munsif ya ce shi ya kamata ya tuna, shi da ya shekara ashirin da shida yana busa iska a gilashin fuskarsa saboda wannan matsalar. Bai taɓa sa busasshiyar safa ba, kuma ɗoki ya ɗebe shi. Ni kuma alfahari ya ɗebe ni.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bai yi mini faɗa ba. Ya wanke zobban da ruwan daɗi ya jera su a taga, ya ce, "Kin yi ƙoƙari." Da ya zage ni da na sami abin mayarwa. Yanzu a tasha Munsif Famfo suke kiransa, har mai shayi.

Saura mako uku. Na ce a cire robar wuyan hannun gaba ɗaya, ya ce in safa ta huje a ƙasa rigar duka za ta cika da ruwa, shi kuma bai shirya barina da takaba ba. To Turawan yaya suke yi? Hannunsu ba na ƙarfe ba ne. Akwai abin da hoton bai nuna ba.

Ga roƙona, kuma wannan karon ba na ɓoye ba ne, na faɗa masa a fuskarsa. Ki koma shagon. Ki sa a buɗe miki akwatin, ki zazzage shi a kan tebur, ki ɗauki hoton duk abin da ya faɗo, komai ƙanƙantarsa. In akwai takarda ki karanta mini. In mai shagon ya ɓata rai, ki yi masa kallon nan da kike yi wa masu sayar da yadi. Munsif ya ce tambaya ba bara ba ce, ya yarda. Ki kira ni da zarar kin fito, ko ina bakin aiki.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Dalanda


Binzart, 6 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Si Fathi da yara. Na ji an yi miki allura a gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Na san kin ji rabin labarin a waya, amma ina ta haki lokacin, kuma wannan labari ne da nake so ki ajiye a akwati.

Har yanzu in na tuna muryarki sai in yi dariya. "Dalanda, babu komai sai wasu 'yan robobi biyu kamar taliya." Su ne, Yaya. Siririn tiyo mai tsawon yatsa, a zura shi ƙarƙashin robar wuyan hannu, rabi a cikin riga rabi a cikin safa, iska ta riƙa wucewa. In safa ta huje, ka zare shi, roba ta koma ta rufe. Maƙwabciyarmu mai aikin jinya ta kawo mini sabon tiyon ƙarin ruwa, na yanka biyu da almakashin kicin.

Munsif bai koma da su wurin aiki kai tsaye ba, ya ce ba za a yi masa dariya sau biyu ba. Ranar hutunsa wani abokinsa ya fita da shi a kwalekwale suka sauka tare ya gwada su. Da ya dawo, kwano biyu ya ci. Duk da haka ya bar su a jaka mako guda yana nutso da tsohuwar safa, yana jiran ban san me ba. Na ce masa watan yana ƙarewa. Ya ce ya iya ƙirga.

Ranar ashirin da uku iska ta taso, kwana biyu babu jirgin da ya fita. Da ta lafa aka tarar ragar babban keji ta yage daga gefe har ƙasa, kejin da kifinsa ya isa kai wa kasuwa, kuma kifin yana ta zirarewa. Ruwan ya yi sanyin da ba a gani ba bana. Su shida suka sauka bibbiyu. Samarin suna yin minti ashirin su fito suna cusa hannu a hammata, Aiman har da hawaye, ya kasa riƙe kofin shayi. Sai Munsif ya buɗe jaka ya danna zobbansa, ƙas, ƙas. Wani ya fara cewa ga mai famfo, Si Rida ya ce ya rufe masa baki.

Minti arba'in ya yi. Abokin saukarsa ya gaji aka canza masa wani, shi yana nan yana ɗinki. Ya fito ya huta yadda ƙa'ida ta ce, bayan azahar ya sake komawa. Fiye da rabin yagewar shi kaɗai ya rufe ta, da ƙullin nan nasa da ba ya kwancewa. Aiman da bakinsa ya ba ni labari. Ya ce da Munsif ya hau jirgi ya zare safa, tururi ne ya tashi daga ulun, su duka suka tsaya suna kallo. Wai sai ya ce, "Am Munsif, don girman Allah ara mini famfon nan gobe." Munsif ya ce famfo sai mai famfo.

Kada ki ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Bayan kwana uku kamfanin inshora ya turo wani mai jaka da takalmi mai ƙyalli ya duba ɓarnar. Ya ga zobbana a rataye, ya ɗaga da yatsa biyu ya ce wane kamfani ne ya ƙera wannan, ina hatiminsa. Munsif ya ce, "Kamfanin yana bayan tasha yana ɓare jatan lande, ƙarfe huɗu yake tashi. Hatimin kuma ga shi," ya nuna masa ragar. Mutumin bai yi dariya ba. Ya rubuta cewa ba a yarda a sake sauka da kayan da aka haɗa a gida ba. Da na ji, na yi masifa har maƙwabta suka leƙo. Na san yana da gaskiyarsa, rai ba abin wasa ba ne, ni ma na ga abin da kuskurena ya yi. Amma ya ɗaga su da yatsa biyu, Yaya. Wannan ne ban yafe ba.

Washegari Si Rida ya tara su. Ya ce ya ga abin da busasshen hannu yake yi a rana ɗaya, kuma kifin da aka tsare ya biya kuɗin zobban Turai ya yi saura. Ya yi oda daga Tunis a aljihun gonar, na hatimi, na akwati mai hoton kifi. Saiti shida. Munsif ya ce shi bai ma gane ba sai da Aiman ya dafa shi. Shida, Yaya, ba biyar ba. Ba a sallami kowa ba, kuma shi aka ce ya koya wa sauran yadda ake sa su, tun da shi kaɗai ya san abin da ke faruwa in an manta tiyo. Sunan Famfo dai ya zauna masa, amma yanzu in an kira yana amsawa.

Ina alfahari, ba zan yi miki kawaici ba. Ina alfahari da shi, da ya sake ɗaukar abin da ya kunyata shi a gaban mutane ya sa a hannunsa. Ina alfahari da ke da gwiwarki mai ciwo da kika hau bas biyu. Ina kuma alfahari da kaina, har matan wurin aiki sun gaji da ni.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa miki a waya ba. Ranar ɗinkin ragar ban iya zama a wurin aiki ba, na nemi izini na tafi tasha na tsaya. Jirginsu ya iso wajen la'asar. Ya sauko da jakarsa, safar ulun tana hannunsa har lokacin. Ya hango ni ya nufo ni, ga masunta, ga masu dako, ga Si Rida. Ya sa haƙori ya zare safar, ya miƙo hannu zuwa fuskata. Kin san Munsif ko hannuna ba ya riƙewa a titi. Ni kuwa na noƙe wuya na runtse ido tun bai taɓa ni ba, don duk hunturun da muka yi tare na san abin da hannun nan yake zama in ya fito daga teku. Ya ɗora tafinsa a kumatuna. Da ɗumi, Yaya. Har yatsun.

Ya ce, "Kin ji?" Na ce na ji.

Ki gaida Si Fathi da kyau, ki sumbaci yaran. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Dalanda matar Munsif